Muhawara: Shin tauraron ɗan'adam ya san ƙurar da muke shaƙa a Sakkwato?

Ɗalibi daga Dundaye

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina na wannan zaure, shawararku nake nema a kan binciken da zan kammala karatuna da shi. Niyyata ita ce in yi amfani da bayanan tauraron ɗan'adam in auna ƙura da hayaƙin da ke cikin iskar birnin Sakkwato, sannan in jera unguwanni tun daga wadda iskarta ta fi gurɓata har zuwa wadda ta fi tsabta, wato Tsohuwar Kasuwa da Mabera da Runjin Sambo da Arkilla, har Kalambaina inda masana'antar siminti take. Na shiga shafin Giovanni na hukumar NASA ta Amurka, wanda kowa ke iya shiga kyauta, na sauke alƙaluman na'urar MODIS na shekaru da dama, sai abubuwa biyu suka ɗaure mini kai. Na farko, duk unguwar da na zaɓa lamba ɗaya take ba ni. Na biyu, alƙaluman watannin bazara sun fi na Disamba yawa, alhali kowa ya san cewa a tsakiyar hunturu ne maƙogwaro ke bushewa, mutum ya wayi gari ƙura ta yi masa fari a gira. Shin ni ne na yi kuskure, ko kuwa tauraron ne bai san garinmu ba?

Malamin Jogarafi

Wa alaikumus salam. Ba ka yi kuskure ba, tauraron ma bai yi ƙarya ba. Tambayar da ka yi masa ce ba irin wadda yake iya amsawa kai tsaye ba. Bari mu fara da abin da MODIS ke aunawa. Na'urar tana kan taurari biyu, Terra da aka harba a Disamban 1999 da Aqua da aka harba a Mayun 2002, dukansu suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 700 daga ƙasa. Ba ta ɗibar iska ta auna nauyin ƙurar da ke ciki. Hasken rana da ya dawo sama take kallo, daga nan a lissafa yawan hasken da ƙura da hayaƙi suka tare ko suka watsar tun daga doron ƙasa har ƙarshen sararin sama. Wannan lissafi shi masana ke kira AOD, mu kira shi kaurin hazo. Idan lambar ta kasance 0.1, kusan kashi 90 cikin ɗari na hasken da ya miƙo daga tsakar ka yana isowa ƙasa kai tsaye, sama tana nan garau. Idan ta kai 1, kashi 37 kawai ke isowa, idan kuwa ta kai 3 abin da ke ratsowa bai wuce kashi 5 ba, irin ranar da za ka kalli rana ido da ido ka gan ta kamar faifai fari.

To ka ɗauki mutumin da ya leƙa rijiya daga baki. Zai iya gaya maka cewa ruwan ya gurɓace tun da ba ya hango ƙasan rijiyar, amma ba zai iya cewa ko laka a sama take yawo ko can ƙasa ta kwanta ba. Haka tauraron yake, mu kuwa a ƙasan rijiyar muke zaune, iskar da ke daidai hancinmu ita ce damuwarmu. Amsar tambayarka ta biyu ke nan. A Disamba da Janairu iskar hunturu tana tafe da ƙurarta ƙasa-ƙasa, galibi cikin kilomita ɗaya ko biyu na farko, saboda haka ko da jimillar ba ta da yawa, a kanmu take sauka. Idan bazara ta yi, zafin ƙasa yana cilla ƙurar sama har kilomita huɗu ko biyar, jimillar ta ƙaru a idon tauraro, amma rabon hancinka daga cikinta ba lallai ya ƙaru daidai da haka ba. An tabbatar da wannan bambanci a tashoshin da aka kafa tun 2006 a Banizumbu ta Nijar da Sinzana ta Mali da Mbur ta Senegal, inda ake auna ƙurar ƙasa da kaurin hazo a wuri ɗaya.

Tambayarka ta farko kuma ta fi sauƙi. Taswirar tauraro gurbi-gurbi take kamar gidajen dara, kowane gurbi lamba ɗaya gare shi. Alƙaluman MODIS da ka ɗauko a Giovanni gurbinsu digiri ɗaya ne, wato kimanin kilomita 110 kowane ɓangare, don haka gurbin da ya ɗauki tsakiyar Sakkwato shi ne ya ɗauki Wurno da Gwadabawa har Illela. Akwai alƙaluma masu gurbin kilomita 10, akwai kuma waɗanda ake fitarwa ta hanyar lissafin da ake kira MAIAC masu gurbin kilomita ɗaya. Waɗannan su ya kamata ka nema, amma kada ka sa rai da yawa, domin akwai sauran matsaloli a gaba.

Hajiya ta Mabera

Allah shi gafarta Malam, ni ba masaniyar taurari ba ce, malamar makarantar firamare ce ni da ta yi ritaya, amma ina da tambaya guda. Da wane lokaci wannan tauraro yake wucewa ta kanmu? Dalilin tambayata shi ne, a unguwarmu iskar da ta fi cutar da mu ba ta rana tsaka ba ce. Daga bayan La'asar sakaliya zuwa Isha'i, kowane gida ya hura itace ko kara don tuwon dare, masu shayi da masu tsire sun kunna wuta, yara sun cinna wa bola wuta da ledoji a ciki, 'yan kabu-kabu suna tayar da ƙurar layukan da ba su da kwalta, idan kuma babu wutar lantarki janareto ya tashi ta kowace kusurwa. Hayaƙin ba ya tashi sama, shimfiɗewa yake yi a kan layi kamar an ja mayafi, har fitilar babur sai ka gan ta da wani zobe ja a kewaye. Jikata mai fama da asma, da wannan lokaci ya yi muke shigar da ita ɗaki mu rufe taga, mu jiƙa zane mu rataya a ƙofa. Idan tauraron yana ganin wannan, to madalla.

Malamin Jogarafi

Hajiya, ranki shi daɗe, kin taɓo inda ciwon yake. Ba ya ganinsa. An tsara Terra ya riƙa wucewa da misalin ƙarfe 10:30 na safe, Aqua kuma da misalin 1:30 na rana, kuma tun da hasken rana na'urar ke dogaro da shi wajen wannan lissafi, da rana ta faɗi aikinta ya tsaya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, lokacin da tauraron ke kallo shi ne lokacin da iskar gari ta fi sakewa. Da rana ƙasa tana zafi, iska tana tashi tana gauraya hayaƙi da iskar sama mai yawa. Da almuru ƙasa ta fara hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya, duk abin da aka ƙona sai ya tsaya a 'yan mitocin da ke ƙasa. Mayafin da kika gani ke nan, kuma a darare masu sanyi na hunturu ya fi kwanciya. Haka nan idan gajimare ya rufe sama da damina, gurbin ranar fanko yake fitowa.

Tsohon Ma'aikacin Yanayi

Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta muhawarar wannan zaure ban sa baki ba, amma yau an zo gonata. Na yi shekaru ina aikin duba yanayi kafin in ajiye aiki, kuma a zamaninmu ma'aunin hazo ido ne. Kowace tasha tana da jerin alamomi da aka auna nisansu: tankin ruwa a nisa kaza, hasumiyar masallaci a nisa kaza, layin itatuwan dogon yaro can gaba, sai wani tudu da ba a ganinsa sai ranar da sama ta wanke. Kowace sa'a mai aiki zai fito ya tsaya wuri ɗaya ya duba wace alama ce ta ƙarshe da yake iya rarrabewa, ya rubuta a littafi. Ranar da tankin ruwa ya ɓace mun san nisan gani ya faɗi ƙasa da mita 1,000, wato hazo mai kauri, matuƙan jirgin sama kuma sai su yi ta lissafi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ina shaida wa ɗana ɗalibi cewa waɗannan rubuce-rubuce na nisan gani, waɗanda hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke ci gaba da tattarawa a filayen jiragen sama har da na Sultan Abubakar III, dukiya ce da bai kamata ya tsallake ba, domin suna magana ne a kan iskar ƙasa, dare da rana, kuma sun girmi MODIS nesa ba kusa ba.

Sai dai kada a ji na faɗi haka a ce na raina tauraro. Abin da ido ba zai taɓa yi ba shi ne ya ga ƙurar gobe. A da, labarin da muke jira shi ne na tashoshin arewa maso gabas, musamman Faya Largo ta Chadi. Idan aka ce iska ta tashi can nisan gani ya faɗi, sai mu fara shiri. Kusa da nan ne kwarin Bodele yake, tsohon gindin babban tafkin Chadi na zamanin da, wanda ya bushe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashe wannan gari, kuma masana suna lissafa wurin a matsayin mafi girman mafitar ƙura guda ɗaya a duniya. Tsakaninsa da mu kimanin kilomita 1,400 ne. Yau taurarin Meteosat na Turai, waɗanda ke tsaye wuri ɗaya a saman Afirka, suna aiko da hoto kowane minti 10 zuwa 15, kuma da yake zafin da ƙasa ke fitarwa suke karantawa, ko da dare ana ganin ƙurar, ana yi mata launin ruwan hoda a hoton. Ranar da na fara ganin wannan a kwamfuta, ƙura tana fitowa daga Bodele kamar hayaƙin murhu tana miƙowa kudu maso yamma, na daɗe ban ce komai ba, don abin da muka yi shekaru muna kintata ne aka ajiye mini a gaba. Wanda ya ga tashinta yana da kwana ɗaya ko biyu na gargaɗi kafin ta iso ƙasar Hausa.

Injiniya na Arkilla

Baba, Allah shi ƙara girma, bayaninka ya gamsar a kan ƙurar hamada. Amma ni ina ganin ana wahalar da yaron nan ne kawai. An ce tauraron ba ya gani da dare, ba ya gani cikin gajimare, ba ya rarrabe sama da ƙasa, to me ya rage? Ni aikina kafa farantan sola ne, kuma ba na buƙatar NASA ta gaya mini akwai ƙura. Idan na shafa yatsa a kan faranti kwana uku bayan wankewa zan iya rubuta sunana. Yanzu akwai ƙananan na'urorin auna iska da ba su kai girman kwanon sha ba, suna aiki da ɗan batir da intanet, suna ba da lamba kowane minti. A sayi goma a rarraba a unguwanni, magana ta ƙare. Kuma ga manhajar waya da ke nuna lambar iskar Sakkwato kullum, me zai hana ya ɗauka daga can?

Malamin Jogarafi

Injiniya, bari in fara da manhajar waya, domin mutane da yawa sun ɗauka wata na'ura ce a cikin gari ke aiko da lambar. A wuraren da babu tashar awo, yawancin irin waɗannan manhajoji lissafin kwamfuta suke nunawa, misali na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda gurbinsa na duniya ya kai kimanin kilomita 40, kuma shi kansa bayanan taurari ake ciyar da shi da su. Wato wanda ya gudu daga tauraro ya faɗa manhaja, gida ya koma ta ƙofar baya.

Game da abin da ya rage wa tauraro kuwa, abubuwa uku ne da na'urarka ba za ta ba mu ba. Yana da tarihi na sama da shekara 20 da ma'auni iri ɗaya, wanda da shi za a iya tambaya ko hazon Sakkwato ƙaruwa yake yi ko raguwa. Yana ganin ko'ina, har ƙauyen da ba za a taɓa kai na'ura ba, don MODIS na share faɗin kilomita 2,330 a kowane wuce, ya game duniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Kuma yana nuna inda abu ya fito. Masana ba su tsaya a kaurin hazo ba. Ƙungiyar Randall Martin da Aaron van Donkelaar, tun daga taswirar duniya da suka fitar a 2010, suna haɗa kaurin hazo da lissafin kwamfuta mai kwaikwayon tafiyar iska da sinadaranta, wanda ke ƙiyasta kaso nawa na ƙurar ke ƙasa, sannan su gyara sakamakon da awon tashoshin ƙasa. Da irin wannan taswira ake ƙiyasta yawan mutanen da gurɓatar iska ke kashewa a ƙasashen da ba su da tashoshi.

Amma a lura da kalmar gyara. Inda tashoshin ƙasa suka yi yawa, kamar Amurka da Turai da Sin, gyaran yana da ƙarfi. A Afirka ta Yamma tashoshin ƙalilan ne, kuskuren ƙiyasin kuma ya fi faɗi. Ga kuma matsalar da ta shafe mu musamman: ƙasarmu mai haske ce. A kan daji mai duhu ko teku, hazo yana fitowa fili kamar gari a kan baƙin zane, amma a kan jigawar Sakkwato da rani, farar ƙura ce a kan farin yashi. Hanyar lissafin farko ta MODIS ba ta aiki a irin wannan wuri, sai da aka ƙirƙiro wadda ake kira Deep Blue, mai amfani da shuɗin haske inda yashi ke fitowa da duhu-duhu. Ita ma ana gwada ta ne da na'urorin AERONET masu kallon rana daga ƙasa, waɗanda sanannu a yankinmu su ne ta Ilori, kimanin kilomita 500 kudu da mu a ƙasa mai dausayi, da ta Banizumbu, kusan kilomita 300 yamma da mu a karkara. Babu ɗayansu da ke cikin birni irin namu mai rufin kwano da hayaƙin itace. Saboda haka ni ban ga gaba tsakanin shawararka da ta ɗalibin ba. Na'urarka ce za ta koya wa tauraron yadda zai karanta garinmu.

Injiniya na Arkilla

Na karɓi maganar manhaja, ban san haka abin yake ba. Tun da gaskiya ake nema, bari ni ma in faɗi aibin abin da na yaba. Na taɓa kafa irin wannan ƙaramar na'ura a gidana. Ranar da maƙwabci ya ƙona shara lambar ta yi tsalle nan take, amma ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen layi, abin da ta nuna bai kai yadda ido ke gani ba. Da na bincika sai na gane cewa da ɗan hasken laser take ƙirga ɓurɓushi, tana kama na hayaƙi masu ƙanƙanta sosai, amma ƙwayoyin ƙurar hamada masu ɗan girma yawancinsu suna kuɓuce mata. Ga shi kuma kafin hunturu ya fita ƙura ta cika mata ciki. To ashe ita ma rabin ido gare ta. Sai dai har yanzu ina da ja a wuri guda. Idan mafi yawan abin da ke iskarmu daga Chadi da Nijar yake zuwa, awon me zai amfana? Ba mu da ikon tsayar da iskar hunturu, kakanninmu ma da ita suka rayu.

Likitar Yara

Injiniya, a nan ne zan shigo, domin wannan magana ta cewa ƙura ce kawai, mun saba, ina jin ta kullum a bakin iyayen yara. Abin da likita ke dubawa shi ne girman ƙwayar. Ana kiran waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 10 ba PM10, waɗanda ba su wuce 2.5 ba kuma PM2.5, maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, silin gashin kai kuwa yana kai 50 zuwa 70. Manyan ƙwayoyi hanci da maƙogwaro suna tare su, su ne ke fita da majina da kaki. Ƙananan suna wucewa har ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, kuma an tabbatar da alaƙarsu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da nimoniyar yara da cutar dajin huhu. Ƙurar hamada tana ɗauke da nau'in biyu, ba manya kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma a 2021 ta tsaurara ma'auninta na PM2.5 daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita a matsakaicin shekara, 15 kuma a matsakaicin yini. Ta san ƙasashe irin namu ba za su kai can da tsalle ɗaya ba, shi ya sa ta sa matakai na 35 da 25 da 15 da 10, amma wanda bai san inda yake tsaye ba yaya zai san matakin da zai taka?

Amfanin awon ƙurar da ba mu iya tsayarwa shi ne gargaɗi. Idan na san jibi hazo mai kauri zai sauka, zan gaya wa mai asma ya riƙe maganin shaƙarsa kusa, a rage wa yara wasan waje, tsofaffi masu ciwon zuciya su sa takunkumi ko su zauna gida. Akwai kuma sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba ƙura ba, rigakafi ne maganinsa, amma lokacinsa shi ne lokacin busasshiyar iska da ƙura masu raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, kuma mu da muka ga annobar 1996 da ta 2017 a wannan yanki ba ma buƙatar a tuna mana. Burkina Faso tana da tsarin gargaɗin ƙura na lardi-lardi wanda cibiyar hasashen ƙura ta Basalona ke taimakawa da shi, kuma ba wani abu ne ya fi ƙarfinmu ba.

Hajiya ta Mabera

Likita ta yi magana, amma ni tsorona daban ne, kuma shi nake so ɗana ɗalibi ya riƙe. Idan aka kawo taswirar da ba ta ganin komai sai ƙurar hamada, aka ajiye ta gaban masu iko, abin da za su ce shi ne daga Allah ne, daga Chadi ne, sai a naɗe takarda. Bolar da ake ƙonawa a bayan makaranta ba daga Chadi ta zo ba. Tayar da ake babbaka da ita ba daga Chadi ta zo ba, haka layin da ba a yi wa kwalta ba, haka itacen da mace ke tsugune a kansa sa'a biyu da goyo a bayanta. Waɗannan su ne ake iya gyarawa, kuma su ne Malam ya ce tauraron ba ya gani saboda lokacin da yake wucewa. Ina gudun kada ilimin ya zama mafakar masu neman uzuri.

Malamin Jogarafi

Hajiya, wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da aka fara. Akwai ɗan abin da taurari ke iya taimakawa da shi a nan, ko da yake bai kai yadda kike so ba. Ana iya rarrabe manyan ƙwayoyi da ƙanana daga yadda suke watsa launukan haske daban-daban, na'urar MISR da ke kan Terra ma tana kallon wuri ɗaya ta kusurwa tara don ta gane siffar ƙwayar. Na'urar TROPOMI ta kan tauraron Sentinel-5P, wanda aka harba a Oktoban 2017, tana auna iskar gas da injuna ke fitarwa, wadda hamada ba ta fitarwa, sai dai ita ma da rana tsaka take wucewa kuma gurbinta ya kai kilomita 5.5 da 3.5. Na'urorin gano wuta suna nuna gonakin da ake ƙonawa, amma murhun gida ya yi musu ƙanƙanta. Asiya ta samu GEMS a 2020, Arewacin Amurka ta samu TEMPO a 2023, na'urori ne masu tsayawa wuri ɗaya suna auna gurɓatar iska kowace sa'a da rana, mu kuwa ba ma cikin da'irar kallonsu. Hanya mafi sauƙi ta raba hayaƙinmu da ƙurar baƙi ita ce agogo da wuri: abin da ke tashi da asuba da almuru kullum a cikin gari, amma bai tashi a ƙauyen da ke gefe ba, namu ne, abin da ya rufe birni da ƙauye lokaci ɗaya, ya kwana biyu ko uku, Meteosat kuma ya nuna tahowarsa, baƙo ne.

Ɗalibi daga Dundaye

Na gode ƙwarai, iyayena. Na janye niyyar jera unguwanni da tauraro kaɗai. Abin da zan kai wa malamin da ke duba aikina shi ne in ɗauki kaurin hazo mai gurbin kilomita ɗaya, in gwada shi da nisan ganin filin jirgi kamar yadda Baba ya ce, wata-wata, don in ga lokacin da suke tafiya tare da lokacin da suke rabuwa. Sannan idan na samu ƙananan na'urori ko da biyu ne, ɗaya a cikin gari ɗaya a wajen gari, in bi su tun daga Nuwamba har Maris. Injiniya, ko za ka taimaka da wutar da za ta riƙe su?

Injiniya na Arkilla

Ƙaramin faranti da batir ɗaya sun ishi kowace. Amma ka fara ajiye su biyun wuri ɗaya na mako biyu ka ga ko bakinsu ɗaya, in ba haka ba bambancin da za ka gani tsakanin gari da ƙauye yana iya zama na na'urorin ne. Kuma ka rubuta a aikinka cewa suna rage lissafin ƙurar hamada.

Tsohon Ma'aikacin Yanayi

Ɗana, ka lura da abu ɗaya: filin jirgin yana kudu da gari, a fili, don haka nisan ganinsa labarin ƙurar yanki zai ba ka fiye da na hayaƙin unguwa. Ka ware rubutun da ya yi daidai da sa'ar wucewar tauraron, kada ka gwada hoton hantsi da awon dare. Ranakun holoƙo na farkon damina kuma ka ajiye su gefe guda, domin ƙurarsu takan taso da yamma a gaban hadari ta wuce cikin sa'a ɗaya, tauraron hantsi bai san an yi ta ba.

Hajiya ta Mabera

Na'urar cikin garin a kawo ta gidana, akwai inuwa a barandar da ke kallon layi. Sai dai kada a ɗora ta can kan soro inda iska ke kaɗawa, a rataye ta daidai tsayin mutum, nesa kaɗan da madafa. Zan sa jikata ta riƙa rubuta sa'ar da aka kunna wa bola wuta da sa'ar da aka ɗauke lantarki a littafi, ka zo ka karɓa duk ranar Juma'a bayan an sauko.